Yadda Ake Sabis ɗin Kalifar Birkin Babur Mai Aiki da Mai

Yawancin baburan haya da ke zirga-zirga a garuruwanmu, irin su Bajaj Boxer, birkinsu irin na da ne, wanda ake ja da waya ko da sanda, takalmansa kuma suna ɓoye a cikin cibiyar taya. Amma babura masu birkin faifai a tayar gaba sai ƙaruwa suke yi, tun daga Pulsar da wasu samfuran TVS da Haojue har zuwa manyan baburan Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki. A irin wannan birki, idan ka matsa hannun birki, wani ɗan fistin da ke cikin masta silinda a kan kan babur ne yake tura mai ta cikin tiyo zuwa kalifa, wato ƙarfen nan da ya rungume faifai, sai fistin ɗin da ke cikinta ya danna fad guda biyu, wato takalman birkin, su cafke faifan daga ɓangarorinsa biyu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a fahimta kafin a ɗauki sufana, domin a kansa dukan aikin ya rataya. Babu wani sifirin da ke mayar da fistin ɗin kalifa baya idan ka saki birki. Aikin sil ne, wato zoben roba mai kusurwa huɗu da ke zaune a cikin wani tsagi a jikin kalifa. Idan fistin ya fito, sil ɗin yakan ɗan lanƙwashe ya bi shi, idan kuma matsin mai ya sauka sai ya miƙe ya jawo fistin ɗin baya da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba. Ƙarfin da ke cikin wannan roba kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ɗan datti ko tsatsa a jikin fistin ya isa ya rinjaye shi, birki ya riƙa cije faifai ko da ba ka taɓa shi ba. Ƙurar hunturu da lakar damina da garin da fad ke zubarwa yayin da yake cinyewa sukan haɗu su daskare a bakin fistin, shi ya sa babur ɗin da ke bin hanyar da ba kwalta ya fi buƙatar wannan sabis akai-akai.

Alamomin ba su da wuyar ganewa. Idan ka ɗaga tayar gaba ka juya ta da hannu ta tsaya nan take, ko ka yi 'yar tafiya ba tare da yawan taka birki ba amma ka ji faifai ya ɗauki zafi, ko ka ga fad ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa da kauri, to kalifa ta cije. Idan kuwa hannun birki ya yi laushi yana zuwa har kusa da mariƙi kafin ya kama, iska ce ta shiga ko man ya tsufa. Danshin mai a jikin kalifa kuwa alama ce ta sil ya mutu, kuma babur ɗin da ya kai wannan hali bai kamata a hau shi ba sai an gyara.

Kayan aiki da man birki

Za ka buƙaci sufanu da soket da alanki daidai da notocin babur ɗinka, da ƙaramar sufana mai zobe, yawanci lamba 8, domin notin fitar da iska, wato ɗan notin nan mai rami da ke jikin kalifa. Ka tanadi tsohon burushin haƙori, da ruwan sabulu mai ɗumi, da feshin wanke birki, da tsummoki masu tsafta waɗanda ba sa zubar da zare, da siririn tiyo na roba wanda ake ganin abin da ke cikinsa, da kwalba, da waya ko igiyar da za a rataye kalifa. Sai giris na silikon ko jan giris ɗin nan da aka yi musamman domin roba. Idan za a kwance kalifar gaba ɗaya, sai an sayi sababbin sil da sababbin washar tagulla guda biyu. A duba sunan da ke jikin kalifar kafin a je kasuwa, ko Nissin ce, ko Tokico, ko Brembo, ko ByBre da ake yawan gani a baburan Indiya, domin sil ɗin wata ba ya shiga wata ko da a ido sun yi kama. Sufanar auna ƙarfin ɗauri tana da tsada, amma idan ana iya aro a ara.

Irin man da babur ɗinka ke sha a rubuce yake a kan murfin kofin mai da ke kusa da hannun birki, kuma a mafi yawan babura DOT 4 ne. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 'yan gida ɗaya ne, dukansu suna tsotsar danshi daga iska a hankali, shi kuwa DOT 5 na silikon ne, ruwan shunayya, kuma ba a haɗa shi da sauran ko kaɗan duk da kamar da sunansa ya yi da DOT 5.1. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin salshiyos, amma idan ya sha ruwa wannan mizani yana iya sauka zuwa wajen 155, DOT 3 kuwa daga 205 yake sauka zuwa 140. Idan man ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka ja hannun birki a kan gangare ka ji babu komai. Dalilin ke nan da kamfanoni ke cewa a canja man duk bayan shekara biyu, kuma dalilin ke nan da bai kamata a sayi man birkin da aka tsiyayo a buɗaɗɗiyar gora ba. A sayi ƙaramar roba a rufe, a fasa hatiminta ranar aikin.

Babban kuskuren da ake yi a garejoji shi ne wanke kalifa da fetur ko kananzir, kamar yadda ake wanke sarƙa ko kafireto. Robar da ake yin sil ɗin birki da ita ba ta jituwa da duk wani abu da ya fito daga ɗanyen mai. Fetur da kananzir da baƙin mai da giris na gama-gari duk kumbura ta suke yi, kuma ba a ganin ɓarnar a ranar, sai bayan wasu kwanaki birki ya cije ko ya fara yoyo, mai babur ya ɗora laifin a kan sabon fad.

Sauke kalifa da duba ta

Ka kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidaito, inda iska ba ta kaɗo ƙasa. Ka rufe tanki da madigadi da tsumma, domin man birki yana cinye fenti cikin ɗan lokaci, kuma idan ya ɗiga a wanke wurin da ruwa nan da nan. Tun kalifa tana ɗaure a jikin babur ka fara sassauta fil ɗin da ke riƙe fad, domin idan ka sauke ta ba za ka sami abin da zai riƙe maka ita ka murɗa ba, kuma wannan fil yakan kafe. Daga nan ka kwance notoci biyun da suka ɗaure kalifa da ƙafar gaba, ka zame ta daga kan faifai, ka rataye ta da waya a jikin kan babur. Kada ka bar ta tana lilo a kan tiyo, nauyinta yana raunana shi ta ciki inda ido ba ya gani. Kafin ka zare fad ka ɗauki hoto da wayarka, musamman na yadda ɗan sifirin ɗin da ke danne su yake zaune, domin shi ne abin da aka fi mayarwa a juye.

Ka duba fad ɗin. Idan tsagin da ke tsakiyarsa ya shafe, ko abin da ya rage a kan ƙarfen bayansa bai wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, ya gama aiki. Haka kuma idan mai ya taɓa shi, domin fad yana shanye mai kamar soso, kuma babu wankin da zai dawo da shi. Biyun ake canjawa tare. Shi ma faifan akwai mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi a buge a jikinsa, alal misali faifan da ya zo da kaurin milimita 4 sau da yawa iyakarsa 3.5, kuma a tsakiyar wurin da fad ke gogawa ake aunawa, ba a baki ba.

Wanke fistin

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a tura fistin ciki alhali yana da datti. Mai gaggawa yakan sa sukudireba ya danne fistin ya zura sabon fad ya ɗaure, bai san cewa ya tura duk dattin da ya daskare ta cikin sil ba.

Da farko ka wanke jikin kalifar da ruwan sabulu da burushi. Sannan ka sa ɗan katako ko tsohon fad a inda faifai ke zama, ka riƙa matsa hannun birki a hankali kana kallon fistin yana fitowa, har ka ga wurin da yake da ƙyalli a bayan zoben datti ya bayyana. 'Yan milimitoci sun isa. Idan ka wuce gona da iri fistin zai faɗo, mai ya zube, ƙaramin aiki ya koma babba. A kalifa mai fistin biyu ko huɗu za ka lura cewa ɗaya yakan riga sauran fitowa, sai ka danne mai saurin da katako domin matsin ya koma kan wanda ya maƙale. Ka goge kowane fistin da burushi da ruwan sabulu ta kowane gefe. Bayansa, inda burushi ba ya kaiwa, igiyar takalmi ce maganinsa: ka jiƙa ta, ka zagaya ta a jikin fistin, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai goge takalmi. Kada ka kama fistin da filaya ta waje domin ka juya shi, haƙoran filaya za su bar tabon da zai yanka sil. Kada kuma ka sa sandfefa ko burushin ƙarfe a jikinsa.

Idan ya yi tas, ka ɗauraye, ka busar, ka shafa masa ɗan man birki ko ɗan jan giris siriri, sannan ka tura shi ciki da manyan yatsunka biyu a miƙe. Fistin mai lafiya yana shiga da ƙarfin yatsa, da ɗan turjiya amma ba tare da cijewa ba. Yayin da kake turawa man zai koma sama, don haka ka buɗe murfin kofin mai ka sa ido, idan yana neman ambaliya ka zuƙe kaɗan da sirinji. Wanda ya fi haka kyau, musamman a babur mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an ja birki da ƙarfi, shi ne a jona siririn tiyon nan a notin fitar da iska a ɗan buɗe shi, domin gurɓataccen man da ke bayan fistin ya fita kwalba maimakon ya koma cikin na'ura. Ka maimaita fitarwa da mayarwa sau biyu ko uku har kowane fistin ya riƙa motsi daidai da ɗan'uwansa.

Sandunan zamiya

Kalifar ƙananan babura yawanci fistin ɗinta a gefe ɗaya yake, kuma jikinta gaba ɗaya zamewa yake yi a kan wasu sanduna biyu domin ya jawo fad na ɗaya gefen. Idan waɗannan sanduna suka bushe, fad na gefen fistin ne kaɗai zai riƙa aiki. Ka zare kalifar daga mazauninta, ka goge sandunan da ramukansu, ka duba robobin da ke kare su daga ƙura ko sun yage, ka shafa giris na silikon daidai misali, ka mayar. Idan ka cika ramin da giris iska za ta kulle a ciki sandar ta ƙi shiga. Shi ma fil ɗin da ke riƙe fad a goge shi, idan fad ya ci rami a jikinsa a canja shi.

Idan wanki bai wadatar ba

Idan fistin ya ƙi komawa da yatsa, ko ka ga bakin robar da ke tare ƙura a ramin fistin ya leƙo daga gefensa, ko akwai yoyo, to sai an kwance an canja sil. Hanya mafi sauƙi ta fitar da fistin ita ce amfani da matsin birkin kansa tun tiyo yana haɗe: ka sa kwano a ƙasa, ka yi ta matsa hannun birki kana ƙara mai a kofi, kana daidaita fistin ɗin da katako domin su fito tare har su kusa faɗowa, sannan ka kwance notin da ya haɗa tiyo da kalifa ka ƙarasa zare su da hannu. Wasu suna hura iskar kwamfireso ta ramin mai. Tana aiki, amma fistin yakan fito da ƙarfin da zai iya fasa yatsa, don haka a rage iskar sosai, a cusa tsumma da katako a gabansa, kada kuma hannu ya kusanci wurin.

A cikin kowane rami za ka tarar da roba biyu: siririya ta waje mai tare ƙura, da mai kauri ta ciki mai riƙe mai. Ka ciro su da tsinken katako ko na roba, domin tsinin ƙarfe yana karce alminiyon. Yanzu ka haska tocila a cikin tsagogin da suka fito. Wannan farin gari mai kama da kanwa da za ka gani, tsatsar alminiyon ce, kuma ita ce ainihin mai laifi a mafi yawan kalifofin da suka cije, domin tana tsirowa a bayan sil ta turo shi ya shaƙe fistin. Wanda ya sa sabon sil a kan wannan gari ya yi aikin banza. A kankare shi da haƙuri, kusurwa bayan kusurwa, har tsagin ya koma fes, ko da zai ɗauki rabin awa a rami ɗaya. A wanke da feshin birki, a busar, a tabbatar ƙananan hanyoyin mai a buɗe suke.

Ka bi jikin fistin da farce. Tabon launi ba komai ba ne, amma idan farce ya kama rami ko tsatsa ta ci wurin da ke bi ta cikin sil, a canja fistin. Sababbin sil a jiƙa su da sabon man birki, a zaunar da su da yatsa, a bi zagayen a tabbatar babu inda ya murɗe. A wasu kalifofin sil ɗin ciki yana da fuskar da ake so ta kalli waje, don haka a duba littafin babur. A shafa wa fistin mai, a tura shi a miƙe, rufaffen gefensa yana kallon ciki. Kalifa mai fistin a gefe biyu tana da notocin da suka haɗe rabi da rabi, kuma ra'ayina shi ne kada a raba ta sai dole, domin akwai ƙaramin zoben roba a tsakani wanda ba kasafai ake samunsa a kasuwa ba.

Mayarwa da cire iska

Ka mayar da sifirin da fad yadda hoton ya nuna, ka goge faifai da feshin birki, ka zura kalifa ka ɗaure. A haɗa tiyo da sababbin washar tagulla, ɗaya sama ɗaya ƙasa, domin tsofaffin sun riga sun matse ba za su sake toshewa da kyau ba. Kowane noti yana da adadin ƙarfin ɗaurinsa a littafin babur. Na haɗa tiyo da na ɗaure kalifa sukan faɗa tsakanin niyuton-mita 20 zuwa 40 gwargwadon babur, amma notin fitar da iska wajen 5 zuwa 6 kawai yake so, kuma da yake rami ne a cikinsa, ƙarin ƙarfi kaɗan yana karya shi ya bar gindinsa a cikin kalifa. Shi ma tiyon ka lanƙwasa shi ka duba, idan ya tsattsage ko ya kumbura a canja, wasu kamfanonin ma cewa suke yi a canja shi duk shekara huɗu.

Cire iska, wanda makanikai ke kira bilidin, tsari ne da ba ya son gaggawa. Ka juya kan babur har kofin mai ya daidaita, ka zuƙe tsohon man da ke ciki, ka zuba sabo. Ka sa sufana a notin fitar da iska, ka jona tiyo mai haske, ɗaya bakinsa ya nutse a cikin ɗan mai a kwalba. Ka matsa hannun birki sau uku ko huɗu a hankali ka riƙe, ka buɗe notin kwata ɗaya na zagaye, hannun birkin zai tafi har mariƙi yayin da mai da kumfa ke fita, ka rufe notin, sannan ka saki. Jerin nan shi ne sirrin: a rufe kafin a saki, in ba haka ba iskar da ka fitar za ta koma. Ka yi ta maimaitawa har man da ke bi ta tiyo ya fito garau babu kumfa, kana duba kofi bayan kowane zagaye uku ko huɗu, domin idan ya ƙafe ya zuƙi iska ka koma farko. A babur mai ABS lamarin ya fi haka tsanani, domin iskar da ta shiga na'urar a wasu samfuran ba ta fita sai an jona kwamfutar gareji.

Idan an kwance tiyo kuma ya bushe gaba ɗaya, za ka iya matsawa sau da yawa ba ka ji komai ba. A nan sirinji yana taimakawa: a cika shi da sabon mai, a tura ta notin fitar da iska zuwa sama, tunda dama iska sama take son tafiya. Idan kuma bayan an gama hannun birki bai yi tauri sosai ba, ka ɗan bubbuga kalifa da tiyo da mariƙin sukudireba, ka ɗaure hannun birkin da roba a matse ya kwana, da safe ka sake shi a hankali ka sake yin zagaye biyu.

Ka cika kofi zuwa layin sama kada ka wuce shi, domin mai yana faɗaɗa idan ya ɗauki zafi, idan bai sami wuri ba kuwa birki zai kama kansa. Ka goge robar da ke ƙarƙashin murfi ka mayar da ita yadda take, ka rufe, ka mayar wa notin fitar da iska 'yar hularsa.

Kafin babur ya motsa daga inda yake, ka matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri, domin fistin ɗin da aka tura ciki yana nesa da faifai, kuma jan farko ba ya kama komai. Ka matse da ƙarfi na kamar rabin minti kana duba kowace mahaɗa ko akwai danshi. Ka ɗaga taya ka juya, ɗan sautin gogayya ba laifi ba ne matuƙar tayar tana juyawa. Sannan ka tura babur da ƙafa ka kama birki, daga baya ka gwada a hanyar da babu jama'a da ƙaramin gudu. Sabon fad ba ya kamawa sosai sai ya zauna a kan faifai, don haka ka yi ta rage gudu da matsakaicin ƙarfi sau goma zuwa ashirin, kana barin tazara tsakaninsu domin ya huce, kuma ka guji birkin gaggawa a kwanakin farko in ba dole ba. Idan ka dawo ka kai bayan hannunka kusa da faifai ba tare da ka taɓa ba ka ji zafinsa, washegari kuma ka sake duba matakin mai a kofi da ƙarƙashin kalifa ko wani abu ya ɗiga cikin dare.